Takabata a Makarantar da Ba a Sa Baƙi

Da sunan Allah zan fara, shi da ya ga shigata Abuja, ya kuma ga yadda muka ƙare da ita.

Zuba

Motar da ta ɗauko ni daga Malumfashi ta sauke mu a Zuba da la'asar sakaliya, hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin. Ranar kwanan Malam arba'in da shida a ƙasa. Malam mijina ne. Shekara tara yana koyar da Larabci a wata makarantar kuɗi a cikin garin Abuja, mu muna gida, sai hutu yake zuwa mana. Babbar 'yarmu Hafsat ce kawai ya ɗauka ta zauna da shi, saboda makarantar tana karantar da ɗan ma'aikaci guda ɗaya kyauta. Tana ajin ƙarshe, saura wata huɗu da rabi a rubuta sunayen masu jarrabawar fita, ciwon kwana biyu ya ɗauke shi.

Bayan sadakar arba'in aka kira ni a waya daga makarantar. Suka ce ƙa'ida ce, kujerar ɗan ma'aikaci tana tafiya da ma'aikacin. Amma suna neman mai taimaka wa malama a ajin ƙananan yara, in ina da takardar sakandare, kuma in na karɓi aikin Hafsat ta ci gaba. Ina da takardar, shekara goma sha takwas tana ƙasan akwati. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce mai takaba tana iya fita da rana don lalura, kuma ɗakin Malam na Kurudu ai ɗakin mijina ne. Abu guda ya ja min kunne a kai: ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba ɗan kunne, ba tufa mai ɗaukar ido, har wata huɗu da kwana goma su cika.

A Malumfashi, mace ta fito da baƙin hijabi, ido fari fat, kunne ba komai, ko mai nama a kasuwa rage murya yake yi. A Zuba wani kwandasta ya kama gefen hijabina yana ja, yana ihun Nyanya da Mararaba a cikin kunnena. Na fizge na matsa gefe. Ban taɓa jin ni kaɗai ba kamar a tsakiyar mutanen nan.

Kurudu

Ɗaki ciki da falo ne, a wani gida mai ɗakuna takwas. Hular Malam tana rataye a ƙusa, takalmansa a bayan ƙofa, gefen ɗaya ya fi cinyewa kamar yadda na san tafiyarsa. Hafsat ba ta taɓa komai ba. Ta rame har wuyan rigar makarantarta ya yi mata yawa.

Maƙwabciyarmu Bayarabiya ce, Maman Tope. Ta shigo da kwanon shinkafa mai barkono, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Kai ne matan Malam? Sannu, sannu. Malam mutum kirki ne, kullum tana ba yarana alawa." Ta dube ni sama da ƙasa. "Amma wannan kaya naka, a makarantan oyinbo, makarantan Turawa? Hmm. Allah ya taimaka."

Na yi murmushi kawai. A raina na ce ba ta lura takaba nake yi ba ne.

Ƙannen Hafsat biyu na baro wa Inna, mahaifiyata. Duk asuba in na idar da salla sai hannuna ya kai gefen tabarma, wajen da ƙaramin yake kwanciya, in taɓo siminti.

Mararaba

Hafsat ta ce ba a shiga makarantarsu da silifas, sai rufaffen takalmi. Ranar Asabar muka je kasuwar Mararaba wajen masu gwanjo. Wani mai rumfa ya ji Hausata ya miƙe.

"Hajiya daga ina? Malumfashi! Ai kakata 'yar can ce. Wallahi ke 'yar'uwa ce, ba zan ba ki na tebur ba."

Ya sunkuya ya zaro wani baƙin takalmi daga ƙasan buhu, yana sheƙi, ya rantse fata ce zalla. Daɗin jin sunan garinmu a bakin wani ya hana ni juya takalmin in duba ƙasansa. Har addu'a na yi masa da za mu tafi.

Ƙofar makaranta

Daga Kurudu sai mu hau keke zuwa Karu, daga nan mu shiga bas mu bi cunkoson Nyanya, mutane kamar an zubo su daga buhu. Makarantar tana bayan doguwar katanga mai waya a kai. Mai gadin wani dattijo ne Bazazzagi, Baba Idi. Kallo ɗaya ya yi min ya sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Allah ya fid da ke lafiya, 'yata."

Ya buɗe min ƙaramar ƙofa ya matsa gefe. Na ji sanyi har ƙafata. Na ce ashe a nan ma ana gani. Wannan tunanin shi ya kusa kai mu ƙasa.

Taku goma daga ƙofa wata mata take tsayuwa kowace safiya, Madam Nkechi, mai kula da ma'aikata. Doguwa ce, Inyamura, kullum da kwat mai launi da hular gashi mai santsi har kafaɗa. Ba ta amsa gaisuwa da baki. Daga takalmi take fara kallon mutum, ta hau a hankali har ta kai kansa, sannan ta ɗaga haɓa ya wuce. Na ga ƙaton malamin lissafi yana gyara wuyan riga tun daga titi saboda ita.

Ta ba ni takardar ƙa'idoji, shafi biyu da Turanci. Na zauna a benci na karanta da yatsa. Rufaffen takalmi. Hijabi kada ya wuce ƙirji. Malama ta fito fes, da 'yar kwalliya daidai. Sai layin da ya tsayar da yatsana: masu ajin ƙananan yara su sa tufa mai haske da fara'a, ba baƙi, ba ruwan toka, saboda yara suna koyo da ido. A ƙasa an rubuta cewa takardar gargaɗi uku, aiki ya ƙare.

Na ɗago na dube ta. Ta san mijina ya rasu, ita ta kira ni a waya. Ga ni a gabanta yadda nake. Na ɗauka wannan layin bai shafe ni ba sai na fita, kuma kunya ba za ta bar ni in buɗe baki in yi wa baƙuwa bayanin abin da ido yake gani ba. Na sa hannu.

Abin da na iya na yi. Na rage tsawon hijabi biyu a wajen tela, na nemo ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu, na riƙa goge su har su yi kaifi.

Ajin yara

Aikin bai yi min wuya ba. Wanke hannu, ɗaura igiyar takalmi, rarrashin mai kuka, duk abin da na yi shekara da shekaru ba albashi. Malamar ajin 'yar Indiya ce, Misis Rani, mai yawan dariya, da jan ɗigo a goshi da awarwaro har gwiwar hannu. Zanenta mai kyau ne ƙwarai, amma gefen cikinta a waje yake, kuma ba wanda ya taɓa ce mata komai. Shugaban makarantar Bature ne, ranar wasanni da gajeren wando yake zuwa, da zanen kifi a damtsensa. Akwai wata 'yar Filifin da ta ce a ƙasarsu malamai ma yunifom suke sawa, kowace rana da launinta, har ta fi son haka don ba ta tunanin abin sawa da safe. Ni dai ina gefe ina kallo. Kowa da abin da yake rufewa da abin da yake bari a buɗe, kuma kowa yana ganin nasa ne daidai.

A sati na biyu ruwa ya kama mu a Nyanya. Ina tsallaka kwata na ji ƙafata ta taɓa ƙasa. Ƙasan takalmin ɗan'uwana na Malumfashi ya rabu da samansa, ashe kwali ne aka liƙa da gam aka shafa masa baƙi. Na sayi silifas a bakin titi na ƙarasa. Idon Madam Nkechi bai ma hau sama ba ranar. Kafin azahar takarda ta farko ta same ni a aji.

Misis Rani ta ga fuskata. Washegari ta zo da 'yar jaka, ta ja ni bayan allo ta zazzage: awarwaro ja da kore, 'yan kunne, janbaki sabo fil.

"Ɗauki, ƙanwata. Kina da kyau, kina ɓoyewa. Madam za ta bar ki ki huta."

Na mayar da hannuna baya kamar ta miƙo min garwashi. Na ce na gode, ba zan iya ba. Ta tsaya tana jiran dalili, ni kuma na tsaya ina jiran ta gane. Ta tattara kayanta a hankali. Daga ranar dariyarta ta ragu in ina wurin, abin yana damuna har yau.

Wata yarinya 'yar shekara huɗu takan zauna a cinyata ta cusa hannu cikin hijabina ta laluba hujin kunnena. Ta ce, "Anti, wa ya ɗauke miki?" Na ce ajiyewa na yi. Ta ce in ta girma za ta saya min na zinariya.

Takarda ta biyu ta zo ne bayan wata uwa ta kai ƙara, wai ɗanta ya ce yana tsoron antin nan mai duhun kaya. Madam ta kira ni ofis. Da Turanci take magana, a hankali, kamar mai karanta hukunci.

"Na ɗauke ki ne saboda mijinki. Amma nan ba gidan makoki ba ne. Saura ɗaya."

Tana miƙo takardar hannun kwat ɗinta ya ja baya, na ga wani baƙin zare ɗaure a wuyan hannunta, an tura shi ƙarƙashin agogo. Na kuma lura duk kwat ɗin da za ta sa, ja ko rawaya, rigar ciki baƙa ce. Na gani, ban kawo komai a raina ba. Kalmar gidan makoki ce ta cika min kunne. Na ce lallai ta sani, ba ta damu ba ne kawai.

A bas Hafsat ta ce, "Umma, ba su san takaba ba fa. Ki bari in je in gaya mata."

"Wa zai ga mace haka bai sani ba? Ba za ki je ofis kina yawo da mutuwar ubanki ana jin tausayinmu ba."

Ta juya tana kallon taga.

Anko

Saura sati uku in fita takaba aka tara mu. Mai makarantar, wadda take zaune a ƙasar waje, za ta zo bikin cika shekara. Za a ɗauki hoton dukkan ma'aikata a sa a babban allon bakin titi. An raba mana leshi ruwan zinariya mai duwatsu, da gwaggwaro ja, an ce an ɗauko mai kwalliya za ta yi wa kowace mace fuska. Madam ta ce ba uzuri, tana faɗa tana kallona.

Na lissafa a yatsa. Ranar bikin saura kwana goma sha ɗaya takabata ta cika. Rubuta sunayen masu jarrabawa kuwa sai sati biyu bayan biki.

Leshin ya kwana biyar a kan akwatin Malam ban kai wa tela ba. Maman Tope ce ta gaji ta ɗauka ta kai wa nata, ta dawo da shi ɗinkakke ta rataye a ƙusar da ke kusa da hular. Da rana in haske ya shigo, duwatsun sai su watsa ɗigo-ɗigo a bango har kan hular. Na daina kallon wajen.

Safiyar bikin Hafsat ta durƙusa a gabana da kayan a hannu.

"Umma, awa biyu ne kawai. Ki sa, a yi hoton, ki cire. Allah ai yana gani, ya san dole aka yi miki."

"Shi ya sa, Hafsat. Yana gani."

"To ni fa? Shekara shida Abba yana tashina da asuba. In suka kore ki wace makaranta ce za ta karɓe ni yanzu?"

Na san akwai malaman da za su ce lalura ce, kuma ba zan ce sun yi kuskure ba. Na karɓi rigar, na kai ta har wuyana. Sanyin duwatsun ya taɓa fatata, sai na ji ƙamshin sabon yadi, irin na ranar da aka kawo lefena. Hannuna ya ƙi ƙarasawa. Shekara goma sha tara mutumin nan bai taɓa ɗaga min murya ba, abin da ya rage in yi masa a duniya kwana goma sha ɗaya ne. Na ninke rigar na sa a leda, na ɗauki hijabina ruwan ƙasa. Har muka isa Hafsat hawaye kawai take sharewa da bayan hannu.

Baba Idi ya ga leda a hannuna, ya ga hijabin. Ya ce a hankali, "Allah ya sa a dace." Muryarsa ba ta yi kama da ta mai sa rai ba.

Filin makaranta ya cika da zinariya da ja, har Bature ya sa babbar riga ta leshin. Ni kaɗai ce kamar tabon miya a farin zane. Madam ta hango ni daga nesa. Ba ta yi kallon nan nata daga ƙasa zuwa sama ba. Da yatsa ɗaya ta nuna min ofis.

Ofis

Ta rufe ƙofa. Takardar tana kan tebur, an riga an buga, saura sa hannu.

"Kin raina ni ne, ko kin raina aikin?"

Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai na hango Hafsat ta taga, tsaye a layin 'yan ajinsu, ba ta kallon kowa sai ƙofar ofishin. Kunyar da na riƙe wata biyu ta sake ni. Da guntun Turancina na sakandare, ina haɗawa da Hausa, na ce mata a addininmu matar da mijinta ya mutu ba ta ado wata huɗu da kwana goma. Ba kwalli, ba ɗan kunne, ba launi. Na ce ba ƙazanta ba ce, ba raini ba ne, na ɗauka tun ranar farko ta gani a jikina.

Ta ture takardar gefe.

"In gani? Ta yaya zan gani? Na ɗauka baƙin ciki ne ya sa kika saki kanki. Na ce in na matsa miki za ki farfaɗo." Ta buga tebur da tafin hannu. "Wata biyu! Bakinki ciwo yake yi?"

Na sunkuyar da kai. Sai na ji motsi. Da na ɗago, gwaggwaron yana kan tebur, hular gashin tana kansa. Kan Madam Nkechi ba gashi, sai ɗan tsiro kamar na jaririn da aka yi wa askin suna, da furfura jefi-jefi.

"Wata bakwai da rasuwar mijina," ta ce. "A garinsu aske mana kai ake yi, a riƙa maimaitawa, mu sa baƙi shekara guda. Ni nawa yana shiga ƙarƙashin hula da kwat. Naki ba ya ɓoyuwa." Ta shafa kan da tafin hannu. "Mai makaranta ba ta san wannan ba, ba ta kuma son sani. Ta riga ta gan ki ta tambaye ni wace ce waccan. Dole in hukunta ki yau, ta gani a rubuce."

Na ce, "Madam, yarinyar."

Ta mayar da hular ta gyara a madubin bayan ƙofa, ta ɗaura gwaggwaro, fuskarta ta koma irin ta bakin ƙofa. Sai ta tambaye ni da Hausarta ta kasuwa, karo na farko da na ji ta yi:

"Kwana nawa ya rage maka?"

"Goma sha ɗaya."

Ta yaga takardar kan tebur, ta juya ga kwamfuta ta buga wata, ta sa hannu, ta ninke ta miƙo min ba ta dube ni ba.

"Fita ta ƙofar baya. Kada ki bi ta wajen hoto."

Ban buɗe ba sai a bas, wajen gadar Karu. Ba kora ba ce. An dakatar da ni daga aiki na kwana goma sha biyu, saboda rashin tsafta da rashin fitowa yadda ya dace da malama. Na karanta layin sau uku, kalmar rashin tsafta tana sukata kamar allura, ni da nake goge hijabi har ya yi kaifi. Sai a karo na huɗu idona ya tsaya a kan adadin kwanakin. Wanda aka dakatar ma'aikaci ne har yanzu. 'Yarsa ma 'yar ma'aikaci ce. Na rufe fuska da hijabi na yi kukan da ban yi ba tun Zuba, wata mata a gefena tana ta cewa sori, sori, ba ta san me ya faru ba.

Na cika kwanakina a ɗakin Malam. Ranar da na fita Maman Tope ta yi min kitso da zafin hannu, ta sa min ɗan kunnenta. Na koma aiki da atamfa kore da kwalli a ido. Misis Rani na fara nema, na yi mata bayanin da ya kamata in yi tun tuni, ta rungume ni tana faɗa da ni, ta cusa min awarwaron nan har shida. A bakin ƙofa kuwa Madam ta fara daga takalmi ta hau har kai, ta ɗaga haɓa na wuce, kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Zaren yana nan ƙarƙashin agogo.

Ranar Alhamis ta satin aka rubuta sunan Hafsat.

Hoton yana kan allon bakin titi har yanzu, ba ni a ciki. Takardar kuwa tana cikin akwati tare da hular Malam. Tunda nake ba a taɓa zagina a rubuce ba sai a cikinta, kuma duk asuba in na gama yi wa Malam addu'a, sai na roƙa wa wadda ta sa mata hannu sauƙin abin da take ɓoyewa a ƙarƙashin hula.